Ban gama hira da Shi ba

'Yan'uwa cikin Almasihu, ku yi haƙuri da tsawon rubutun yau. Maganar ta daɗe tana ci mini rai.

Shekara shida ke nan ina riƙe da kuɗin majami'armu a nan Marwa, arewacin Kamaru. Duk Lahadi, da zarar an karɓi baiko, ni da wani dattijo mukan zagaya ɗan ɗakin baya mu juye kwando a kan tebur. Mu ware 'yan hamsin da 'yan ɗari gefe guda, mu miƙe takardun ɗari biyar da jaka-jaka waɗanda suka sha ƙulli a bakin zanin iyayenmu mata. Sauran sujada ta bango nake jin ta, rabi da rabi. Ko sisi bai taɓa ɓata a hannuna ba, kuma kowa na yabona a kan haka.

Wata Lahadi cikin Afrilu, a zafin nan da ko inuwar dalbejiya ba ta maganinsa, na koma rufe tagogi bayan an watse. Sai na tarar da wata tsohuwa a bencin ƙarshe. Tana cikin waɗanda suka gudo daga wajajen Gwoza a 2014, ta yi shekaru a sansanin Minawawo kusa da Mokolo kafin ɗanta ya ɗauko ta. Littafi Mai Tsarki na Hausa yana kan cinyarta, naɗe cikin leda, bangonsa ya rabu. Idonta ma ba ya ganin rubutu yanzu. Magana take yi ƙasa-ƙasa: "Baba, ka gan ni, yau ma ka kawo ni. Na gode."

Na ce, "Mama, ai an tashi, za mu kulle."

Ta ce, "Ɗana, ɗan dakata mini. Ban gama hira da Shi ba."

Hira ta ce. Na tsaya da mabuɗi a hannu ina neman ranar ƙarshe da na yi magana da Allah ba tare da an kira sunana a gaban jama'a an ce in buɗe taro da addu'a ba. Na lalubo watanni ban same ta ba. Matar nan ta rasa gida da gona, ta baro kaburburan nata a bayan dutse, amma tana da abin da ni mai mabuɗin majami'a na rasa.

Ku buɗe Wahayin Yahaya sura 2. Ikkilisiyar Afisa ba ta malalata ba ce. Bulus da kansa ya yi shekara uku a cikinsu. Ubangiji ya shaidi aikinsu da wahalarsu da jimirinsu, ya ce sun gwada manzannin ƙarya sun gano su. Duk fasto zai so a ba shi irin wannan jama'a. Amma a aya ta 4 ya ce yana da magana da su: sun bar ƙaunarsu ta fari. Bai ɗauke shi ƙaramin laifi ba, har cewa ya yi in ba su tuba ba zai kawar da fitilarsu daga wurinta.

Ni dai a ganina ciwon da ke cin da yawa daga cikinmu ke nan, musamman mu da ake ce wa masu himma. Kwamitin gini, kuɗin rufin kwano, ankon zumuntar mata, gwajin waƙa, bikin godiya na girbi inda ake kallon wa ya kawo buhun dawa, wa ya kawo akuya. Ba na kushe ko ɗaya, da hannuna ake yin su. Sai dai mutum yana iya zama kamar jakin da ke dakon ruwa wa gari guda alhali maƙogwaronsa a bushe.

Na san wani zai ce ƙauna ai yanayi ne, yau akwai gobe babu, biyayya ita ce magana. Ɗan'uwa, duba yadda Yesu ya jera su a Yahaya 14:15: in kuna ƙaunata, za ku kiyaye umarnaina. Ƙauna ce a gaba. Da aka tambaye shi umarni mafi girma, a Matiyu 22:37, bai ƙirƙiro sabo ba, ya koma Maimaitawar Shari'a 6:5: ka ƙaunaci Ubangiji Allahnka da dukan zuciyarka. Kuma ba ihu a lasifika nake nufi ba. Tsohuwar nan ko na benci na gaba ba zai ji muryarta ba.

Ni ba ɗan Katolika ba ne, amma labarin Baba Simon yana taɓa ni. Limamin coci ne da ya baro Duwala a 1959 ya hauro arewa, ya zauna a Tokombere yana bin duwatsu ba takalmi, har ya rasu a 1975. Ba na jin tsoron hukunci ko neman suna zai iya riƙe mutum a kan duwatsun nan shekara da shekaru.

Wurin da ya fi kama ni shi ne Yahaya 21. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a bakin wutar gawayi. Bayan tashi daga matattu, a gaɓar Tekun Tibariya, ga wata wutar gawayin da kifi a kai. Yesu bai tambaye shi ko ya yi nadama ba, bai nemi alkawarin ba zai sake ba. Tambaya ɗaya ya maimaita har sau uku: kana ƙaunata? Sai bayan amsa ya danƙa masa kiwon tumaki. Mu kuwa mukan ba mutum aikin tun ba mu yi masa tambayar ba, shi ma bai yi wa kansa ba.

Na roƙi dattawa a bar ƙirgar baiko sai an yi addu'ar sallama, sun yarda. Yanzu da ladanin unguwarmu ya kira asuba nakan tashi in zauna a tsakar gida da Zabura 63, inda Dawuda ke cewa ransa na ƙishin Allah a busasshiyar ƙasa marar ruwa. Ba zan yi muku ƙarya ba, wata safiyar ba na jin komai. Nakan tuna matan da ke tonon yashin kogin Mayo Kaliyawo da rani, suna zaune a bakin ramin har ruwa ya tsatso, sai ni ma in ci gaba da zama.

Mabuɗin majami'a kuwa, ran Lahadi jikan Mama nake bar wa. In ta gama, ya kulle ya kawo mini gida.