Adireshin imel dubu goma da babu wanda ya ce a turo masa

Duk mai yi wa ƙananan 'yan kasuwa talla ta intanet, ko ba jima ko ba daɗe, zai ji wannan buƙatar: "Ina son a samo mini adireshin imel dubu goma kafin wata ya ƙare." Mai kasuwar ba da mugun nufi yake faɗa ba. Kaya sun yi masa kwantai, an ce masa imel ya fi kowace hanyar talla araha, wataƙila ma wani ya riga ya yi masa tayin jerin adireshi haɗaɗɗe, biya ka karɓa. Ni a ganina mai aikin tallan ya ƙi, ya kuma faɗi dalilinsa ƙarara, ko da hakan zai sa kwangilar ta suɓuce masa.

Izini ba ya sauya hannu. Matar da ta ba wani kamfani adireshinta don a turo mata rasiti, wannan kamfanin ta ba, kuma don rasitin ta bayar. In adireshin ya bi ta hannu uku ya iso gare ka, haruffa ne kawai suka iso. Yardarta tana can inda ta bar ta. Dillalan jeri kan rantse cewa duk mutanen ciki sun amince. Sun amince da wa? Ba su taɓa jin sunan wanda kake yi wa aiki ba.

Dokoki da dama sun tsaya a kan wannan gaɓar. Dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, ta ce yarda sai ta kasance da son rai, a kan abu takamaimai, bayan an yi wa mutum bayani, kuma wanda ya karɓe ta ne zai kawo hujjar cewa an ba shi. Tararta tana iya kai Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani na shekara, duk wanda ya fi tsoka. A 2019 Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar kamfanin Planet49, ta yanke cewa akwatin da aka riga aka sa wa alamar "na yarda" tun kafin mutum ya taɓa shi ba yarda ba ce. Kanada ma tun 2014 dokarta ta sa neman izini a gaba da aika saƙon talla.

Mai ja da ni zai kawo Amurka, kuma yana da abin riƙewa. Dokar CAN-SPAM ta 2003 ba ta ce sai ka nemi izini tukuna ba. Abin da ta nema shi ne kada ka yi ƙarya a kan saƙon, ka sa adireshin gidan waya na gaske, ka kuma cire duk wanda ya ce a cire shi cikin ranakun aiki goma. To, in doka ta bari, me zai hana?

Abin da zai hana shi ne ba kotu ce ke yanke wa ƙaramin ɗan kasuwa hukunci ba. Da wuya wata hukuma ta bi sawunsa. Masu riƙe da akwatunan saƙo ne alƙalansa, kuma ba sa aiko sammaci. Daga Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara ƙa'idojinsu. Google ta ce ƙorafin "wannan saƙon banza ne" kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum uku cikin dubu, ta kuma wajabta wa masu aika saƙo 5,000 a rana su sa hanyar cire suna da dannawa ɗaya. Yi lissafin da kanka: a cikin mutum dubu goma da ba su san ka ba, talatin kawai su danna maɓallin ƙorafi, ka taka layin. Wa zai iya lamunce maka cewa ba za a samu talatin masu jin haushi ba?

Akwai kuma tarko. Ƙungiyoyin yaƙi da saƙonnin banza irin su Spamhaus, da aka kafa a 1998, suna amfani da adireshin da ba na kowa ba ne, ko tsofaffin da masu su suka watsar. Babu mahaluƙin da zai yi rajista da irin wannan adireshi, don haka duk wanda ya aika masa talla ya tona kansa: ko dai kwasowa ya yi daga shafukan intanet, ko sayowa, ko kuma bai taɓa tsabtace jerinsa ba. Daga nan sunan da ke bayan alamar @ a adireshin kasuwar zai ɓaci. Nan ne abin ke da ciwo, domin ba tallan kaɗai ke faɗawa akwatin shara ba. Rasiti, amsar tambayar mai saye na gaskiya, takardar neman biyan kuɗi, duk suna iya bin sa. Mai aikin ya karɓi ladansa ya yi gaba, mai kasuwa ne zai zauna da ɓataccen suna. Kamfanonin aika saƙo irin su Mailchimp sun haramta sayayyen jeri a sharuɗɗansu ne don sun san wannan.

Tushen matsalar, in aka bi ta, yana cikin kwangilar. Wanda aka ce za a biya shi bisa yawan adireshin da ya tara, an riga an tura shi ga kwashe-kwashe. Dubu goma da ba sa karantawa taron tsintsiya ne ba shara, ga shi yawancin manhajojin aika saƙo bisa yawan sunaye suke caji. Gara a tsayar da ma'auni a kan masu danna mahaɗi, masu amsawa da masu saye. Ko adadin masu buɗe saƙo ma ba abin dogaro ba ne sosai, tun da Apple ta fito da tsarin ɓoye wannan bayanin a 2021.

Hanyar halal ba ta da wani sirri, jinkiri ne kawai da ita. Fom ɗin rajista ya faɗi abin da za a riƙa turowa da sau nawa, a kuma cika alkawarin. Bayan rajista a tura saƙon tabbatarwa, sai mutum ya danna a sa shi a jeri. Wasu za su zube a wannan matakin, mai kasuwa zai yi ƙorafi, amma waɗanda suka zube ɗin galibi adireshin da aka rubuta da kuskure ne ko wanda wani ya shigar da na wani. A adana ranar rajista, inda aka yi ta, da ainihin kalmomin da mutum ya amince da su. Kyauta don jawo rajista ba laifi ba ce a wurina, muddin ta danganci hajar. Ka sa gasar cin wayar salula, za ka tara masu son waya, ba masu son kayanka ba.

Tsofaffin abokan ciniki fa? Nan akwai sassauci a wasu ƙasashe. Ƙa'idojin Birtaniya na 2003 sun yarda a tura wa wanda ya taɓa saye tallan kaya makamancin wanda ya saya, matuƙar an ba shi damar ƙi a lokacin karɓar adireshin da kuma cikin kowane saƙo. Sai dai a yi hattara da dabarar nan ta "bari mu tura musu saƙo mu nemi izini". A 2017 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci tarar Honda Fam 13,000 da kamfanin jiragen sama na Flybe Fam 70,000 a kan saƙonnin da suka ce na sabunta bayanai ko tabbatar da zaɓi ne. Hukumar ta ɗauke su a matsayin talla. Neman izinin ma yana buƙatar izini.

Saura abin da ba a cika magana a kai ba, wanda kuma ya rataya a wuyan mai aikin shi kaɗai. Jerin da ya gina ba nasa ba ne. Mutanen sun yarda da mai kasuwar, ba da wanda aka ɗauka haya ba. Jarabar tana zuwa ne ranar da wani sabon mai kasuwa, da haja iri ɗaya, ya nemi a yi masa aiki, ga jerin wancan a kwamfuta. Saboda haka tun farko a buɗe asusun aika saƙon da sunan mai kasuwar, a rubuta a yarjejeniya wa ke da ikon ganin jerin da abin da zai faru da shi in aiki ya ƙare. Ranar rabuwa mai aikin ya miƙa kalmar sirri tare da bayanan yarda da sunayen waɗanda suka ce a cire su, don kada na gaba ya sake tura musu, sannan ya goge duk kwafin da ke hannunsa.