Yadda shaddata ta ci amanata a Berea

Tun zuwana jihar Kentucky ta Amurka karatu nake jin labarin dalsima, abin kiɗan mutanen duwatsun Appalachia, wadda jihar ta ɗauka a matsayin abin kiɗanta a hukumance a shekarar 2001. Na sayi ta hannu a wajen wani dattijo, na yi kwana biyu ina taɓa ta a ɗaki, sannan na yanke hukuncin cewa wanda ya tashi yana jin gurmi da kuntigi ba zai tsaya tsoron tsirkiya uku ba. Ranar Asabar na nufi zauren da makaɗanta suke haɗuwa a garin Berea na jihar, sanye da shaddar Sallah wadda ta sha bugu har tana ɗaukar ido.

Da aka fara kiɗa sai na rungume dalsimar a ƙirji kamar yadda ake riƙe gurmi. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta taɓa kafaɗata ta ce, “Yarona, a cinya ake kwantar da ita.” Ta nuna mini yadda ake zamar da ɗan kara a kan tsirkiyar da ke kusa da jiki domin fitar da waƙa, sauran biyun kuma a bar su suna gunji da murya ɗaya, hannun dama yana kaɗawa da gashin talotalo. Na gode mata cikin muryar wanda dama ya sani.

Abin da ban lissafa ba shi ne katako mai santsi ba ya zama a kan shadda mai santsi. Bugun farko, dalsima ta matsa gaba kaɗan. Bugu na biyu, ta kai gwiwa. Maimakon in sa hannu, sai na matse gwiwoyina domin in tare ta, wanda hakan ne ya ƙara mata gudu, ta sulale a hankali kamar kwalekwalen da aka tura ruwa, ina kallonta, mutum goma sha huɗu suna kallona, ta sauka a daɓen katako ta ce gwaram. Kowa ya tsaya. Ita kaɗai ta ci gaba da gunji a ƙasa, kuma wani tsoho mai goge ya karkata kunne ya ce wannan ce murya ta farko da ta fito daidai daga wajena.

Tsohon ban riƙe shi a zuciya ba. Wanda na riƙe shi ne wani mutumin Zariya, wanda ya roƙe ni ya raka ni, wanda tun watan Satumba yake cin tuwona bai taɓa sayen ko kuka ba. Yana tsaye a bakin ƙofa da waya a hannu, kafaɗunsa suna rawa, kuma da na sunkuya hulata ta faɗi sai na ji ya ce, “Malam, a sake, ban ɗauko farkon ba.” Kafin mu koma gida ƙanwata a Kano ta riga ta gani.

Tsohuwar ta ciro wata 'yar roba irin wadda ake shimfiɗawa a kantar kwanuka ta ce in riƙa ɗorawa a cinya. Tana nan a wajena. Shi kuma mutumin Zariya har yau bai dawo mini da tukunyata ba.