Uri Avnery: Ɗan jaridar da ya tsallaka layin yaƙi ya gana da Arafat

A watan Yulin 1982, sojojin Isra'ila sun yi wa yammacin Beirut ƙawanya, ana ta luguden wuta, sai ga wani ɗan jarida Bayahude daga Isra'ila ya tsallaka ya je ya zauna da Yasser Arafat, shugaban ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu ta PLO. Uri Avnery ke nan. Da ya koma gida aka kira shi maci amana, wasu 'yan siyasa suka nemi a gurfanar da shi gaban kotu, mahaifiyarsa ma ta cire shi daga wasiyyarta. Bayan shekara 11, Firaministan Isra'ila Yitzhak Rabin ya yi musabaha da Arafat ɗin nan a fadar shugaban Amurka, duniya tana tafi.

Ana yawan cewa Avnery ya yi aikin banza, tunda ya rasu a 2018 yana da shekara 94 ba tare da ya ga ƙasar Falasɗinu da ya yi ta kira a kafa ba. Ban yarda da wannan ma'auni ba. Ɗan jarida ba shi ke sa hannu a yarjejeniya ba. Aikinsa shi ne ya faɗa wa mutanensa abin da ba sa son ji, tun lokacin da faɗin yake da tsada, kuma a nan Avnery bai ci bashin kowa ba.

Abin da ya sa maganarsa ta yi nauyi shi ne ba ɗan kallo ba ne. An haife shi a Jamus a 1923, iyayensa suka gudo da shi Falasɗinu a 1933 da Hitler ya hau mulki. Yana ɗan shekara 15 ya shiga Irgun, ƙungiyar Yahudawa masu ɗauke da makamai da ta dasa bama-bamai a kasuwannin Larabawa, daga baya ya fice. Ya yi yaƙin 1948 har aka ji masa mummunan rauni. Wato da hannunsa a yaƙin da Falasɗinawa ke kira Nakba (bala'i), kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Shi ya sa masu zaginsa ba su iya ce masa matsoraci ba, sai dai maci amana.

A 1950 shi da abokansa suka sayi mujallar mako-mako HaOlam HaZeh, ya riƙe ta shekara 40. Mujallar ba ta waliyyai ba ce: bangon baya cike yake da gulma da hotunan mata don ta samu kasuwa, amma a ciki ake tona asirin cin hanci da zaluncin da ake yi wa Larabawa. David Ben-Gurion, firaministan Isra'ila na farko, ya tsane ta har ba ya son ambaton sunanta. An kai wa ofishinta harin bam, an lakaɗa wa Avnery duka, a 1975 kuma aka daɓa masa wuƙa, da kyar ya sha. Da gwamnati ta kawo dokar ɓata suna a 1965, wadda ya ce don mujallarsa aka yi, sai ya tsaya takara ya shiga Knesset, majalisar dokokin Isra'ila.

Wahalar ba a ɓangare ɗaya take ba, kuma wannan ne mu masu goyon bayan Falasɗinu muke saurin mantawa. Jami'an PLO biyu da suka buɗe ƙofar magana da Avnery, kashe su aka yi: Sa'id Hammami a Landan a 1978, Issam Sartawi a Portugal a 1983, kuma ƙungiyar Abu Nidal, ta Falasɗinawa masu adawa da Arafat, aka ɗora wa alhakin duka biyun. Rabin shi ma Bayahude ɗan'uwansa ne ya harbe shi a 1995.

Ba na cewa ba shi da aibi. Ya amince da Arafat fiye da kima, har ya riƙa sassauci kan almundahanar Hukumar Falasɗinawa da su kansu Falasɗinawan ke kuka da ita. Ya kafe kan ƙasashe biyu, Isra'ila da Falasɗinu, ko da matsugunan Yahudawa suka cinye Gaɓar Yamma gari-gari, kuma bai yarda duk 'yan gudun hijirar 1948 su koma gidajensu ba, sai wani adadi da za a daidaita a kai. Bafalasɗinen da ya girma a sansanin 'yan gudun hijira na Shatila a Beirut yana da hujjar cewa wannan adalcin bai cika ba.

Duk da haka, a 1993 shi da matarsa Rachel da abokansu suka kafa ƙungiyar Gush Shalom, wadda ta yi kiran a ƙaurace wa kayan da ake yi a matsugunan. A 2003, da gwamnatin Ariel Sharon ta yi barazanar kawar da Arafat, Avnery yana ɗan shekara 80 ya tafi Ramallah ya tare a hedikwatar Arafat, don duk sojan da zai shiga ya san sai ya bi ta kan tsohon sojan Isra'ila tukuna.