Adireshin Honarabul

Honarabul Kansila ya shimfiɗa takardar gayyatar a kan teburin mai shayi, ya danna yatsa a layi na uku, inda aka rubuta "welcome address" a gaban sunansa.

"Malam, dubi rainin wayo irin na mutanen nan. Shekara uku ina kansila, babu yaron da bai san gidana ba, amma a taron sallamar hedimasta sai an tsayar da ni a bainar jama'a na faɗi adireshina."

"Ranka ya daɗe, kalmar address baki biyu gare ta," in ji Malam Tica, yana tsoma burodin da bai san wanda zai biya ba. "Akwai adireshin da ake rubutawa a bayan ambulan, akwai kuma jawabin da babban mutum yake yi a gaban taro, kuma jawabin maraba suke nema a wurinka. Shugaban Amurka Abraham Lincoln ya yi wanda ake kira Gettysburg Address ranar 19 ga Nuwamba, 1863, a wajen buɗe maƙabartar sojojin da suka mutu a yaƙin basasarsu."

"To, ka gani! Kwatancen maƙabartar ya yi musu."

"A cikinta suke tsaye, ranka ya daɗe."

"Kwatancen ƙofar fita ke nan."

Malam Tica ya haɗiye shayi tare da haƙuri. "Jawabi ne na kimanin minti biyu, kalmominsa ba su kai 300 ba, alhali wanda ya riga shi magana, Edward Everett, sai da ya kwashe awa biyu a tsaye. Yau na Lincoln yara suke haddacewa."

"Wannan Everett ɗin shi ne ya san darajar lasifika," in ji Kansila. "Mutumin da ya yi minti biyu ya zauna, ai hango shinkafa ya yi ana rabawa."

Duk wanda ya taɓa zama cikin rana tun ƙarfe goma yana jiran manyan baƙi su gama kiran sunayen juna, kowa da sarautarsa da ta kakansa, ya san Everett ya bar jikoki masu yawa a ƙasar nan.

"Kuma bayan adireshin zan yi wa hedimasta elegy," Kansila ya ci gaba, yana gyara zaman hularsa. "Na ji kalmar a rediyo, ta yi mini daɗi a baki."

"Subhanallahi! Elegy marsiyya ce, wato waƙar makokin mamaci. Wataƙila eulogy ka ji, wadda take nufin jawabin yabo, amma ita ma galibi a wajen jana'iza Turawa suke yin ta. Hedimasta ritaya ya yi, jiya ma na gan shi a kan kekensa. Abin da ya dace da mai rai shi ne tribute."

"Ni dai elegy na ce. Mutumin da zai fara sintirin neman fansho da garatuti, ai gara a yi masa marsiyyar tun yana iya jin ta da kunnensa."

A nan Malam Tica bai yi gardama ba, domin shi ma shekara huɗu ta rage masa.

Sai idon Kansila ya kai layin ƙarshe, ya ga "vote of thanks" a gaban sunan wanda ya kara da shi a zaɓe. Ya miƙe tsaye har kofi ya kife.

"Ƙuri'a! A mazaɓata, ba da sanina ba!"

"Jawabin godiya ne kawai, ranka ya daɗe. A ƙarshen taro ake tayar da mutum ɗaya ya gode wa waɗanda suka zo da waɗanda suka dafa abinci."

"Wa zai ƙirga?"

"Ba a ƙirgawa."

"Haka aka yi wancan karon ma, ba a ƙirga ba, sai sakamako muka ji. Zan tura wakilai biyu su zauna kusa da shi, kuma idan ya fi ni yawan godiya kotu ce za ta raba mu."

Ya naɗe takardar ya nufi mota. Mai shayi, wanda tun ɗazu yake jiran a zo kan batun da ya shafe shi, ya ɗaga murya cikin ladabi.

"Honarabul, kuɗin shayin wata uku fa?"

"Ka turo yaro address ɗina," in ji Kansila, ya rufe ƙofa.

Mai shayi ya juya wajen Malam Tica. "Malam, wannan na bayan ambulan ne, ko ɗayan?"

"Ɗayan ne," in ji Malam Tica, ya fara laluben aljihunsa.