Ƙannena masu shisha, ku zo mu leƙa cikin kawunanku

Ranar Juma'ar da ta wuce na tarar da ƙanena da abokansa uku a zaure sun kewaye tukunyar shisha, wurin duk ya gauraye da ƙamshin tuffa da na'ana'a. Da na yi magana sai ɗayansu ya ce, "Haba Yaya, wannan ai ba sigari ba ce, ruwa yana tace komai. Kuma duk ranar da na ga dama zan daina." Na yi murmushi kawai, don ni ma bakina ya taɓa faɗin haka, sai da na shekara tara da kara a hannu kafin Allah Ya raba ni da ita.

Ba zan yi muku wa'azin huhu da ciwon daji ba, kun sha jin sa. Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa zan gaya muku, don a can tarkon yake.

Amma bari mu fara da tsoka. Jijiya ba ta manne da tsoka, akwai ɗan tazara a tsakaninsu. Idan za ka ɗaga hannu, jijiyar tana fesa wani sinadari mai suna asitilkolin, ya ƙetare tazarar, ya sauka a kan wasu ƙananan ƙofofi da ke jikin tsokar. Kowace ƙofa yanki biyar ne da suka yi da'ira, kamar mutum biyar a bakin faranti, da rami a tsakiya. Asitilkolin ne makullin. Da ya zauna, ramin ya buɗe na abin da bai kai ƙiftawar ido ba, sinadarin sodiyom ya kwarara ciki, tsoka ta motsa. Nan take wani sinadari mai shara ya farfasa makullin, ƙofa ta rufe. Numfashin da kake ja yanzu ma ta nan yake bi.

Tun 1905 wani masani a Kambirij ta Ingila, John Langley, ya gano alamar waɗannan ƙofofi yana gwaji da nikotin, sinadarin da ke cikin taba, a kan tsokar kaza. Shi ya sa har yau ake kiransu da sunan nikotin, ko da yake ba don taba aka halicce su ba. A 1970 Jean-Pierre Changeux a Faransa ya ware su daga jikin wani kifi mai lantarki, da taimakon dafin maciji.

Idan ƙofofin suka samu matsala, jiki yana ji. Dafin wasu macizai dangin gamsheƙa yana toshe su, ido ya fara rufewa, numfashi ya tsaya. Fiya-fiya kuwa, mai sharan nan take kashewa, makulli ya taru, mutum ya yi ta dalalar miyau yana karkarwa. Akwai kuma wata cuta da garkuwar jiki ke far wa ƙofofin da kanta, fatar ido ta riƙa saukowa da yamma, tauna ta yi wuya, har a ce sammu ne alhali tana da magani a asibiti.

To, irin waɗannan ƙofofi suna nan birjik a cikin ƙwaƙwalwa, kuma na can sun fi na tsoka saurin karɓar nikotin nesa ba kusa ba. Zuƙa ɗaya, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 nikotin ya isa can. Makullin bogi ne, amma yana buɗewa, musamman a sashen da ke sakin dofamin, sinadarin da ke ce wa mutum "wannan da daɗi, a sake." Wani bincike da aka yi a Amurka a 2006 da na'urar hoton ƙwaƙwalwa ya nuna zuƙa ɗaya zuwa biyu na sigari tana mamaye rabin nau'in ƙofofin da suka fi son nikotin, kara guda kuwa kusan kashi 88 cikin 100. Zuƙa biyu fa, irin wadda ake ce wa "ɗan taɓa ka ji."

Ga inda gizo ke saƙar. Mai sharan nan bai san nikotin ba, ba ya iya farfasa shi. Hanta ce ke fama da shi, sai an yi kamar awa biyu kafin rabinsa ya bar jini. Ƙofofin da ya daɗe a kansu sai su dushe, su daina amsawa. Ƙwaƙwalwa kuma ta ƙara yawansu. Yau da gobe, kai ya cika da ƙofofi fiye da ƙima. Da nikotin ya ja baya sai su farfaɗo gaba ɗaya suna jiran rabonsu. Shi ne ƙuncin nan, da saurin fushi, da kasa tsayar da hankali a kan karatu.

Saboda haka idan kuka ce tana kwantar muku da hankali, gaskiya kuka faɗa, sai dai ita ce ta tayar da shi tun farko. Bashi kuke biya, ana ƙara muku ruwa a kai.

Ni a watan azumi na gane haka. Daga la'asar kaina ya ɗauki sara, ko sallama aka yi mini sai in ji haushi. Ana kiran magariba, dabino ɗaya, ruwa maƙwarwa biyu, in zaga bayan gida in kunna. Zuƙar farko jiri ke ɗibana har sai na dafa bango, don ƙofofin sun wuni suna hutawa, sun farka tas. Abin kunya, ina sauri ne ba don sallah ba.

Batun ruwa kuwa, sanyaya hayaƙin yake yi don ka iya zuƙa da zurfi, nikotin yana wucewa abinsa. Ga zaman shisha yakan kai awa guda, ga hayaƙin gawayi a kai. Ɗan bututun lantarkin da ake yayi yanzu ma mafi yawansa nikotin ne a ciki. Kuma ku ne abin ya fi shafa, don ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, wanda ya fara da wuri shi ya fi wahalar bari. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, amma je ka teburin bakin layi ka gani.

Wanda ya riga ya shiga, kada ya ce shi ke nan. Kwana biyu zuwa uku na farko su ne masu zafi, bayan mako uku zuwa huɗu ƙuncin yakan lafa, yawan ƙofofin kuma yana komawa daidai cikin mako 6 zuwa 12. Akwai cingam da filastar nikotin, akwai ƙwayar da ke zama a kan ƙofar ta buɗe ta rabi-rabi don rage ƙishin, amma likita za ka tambaya, ba ɗan kemis na unguwa ba. Ka sanya rana, ka gaya wa mutum ɗaya da kake jin nauyinsa, ka kuma ƙaurace wa majalisar da ake hura gawayi ko da wata biyu ne. Ni nawa ranar 1 ga Ramadan na sanya, na ba mahaifiyarmu ashanar da hannuna.