Wai jahilci ne ya hana su dawowa

Wai jahilci. To madalla, an gano cutar, sai mu tafa wa mai gidan da ya yi wannan zurfin bincike daga cikin buro mai sanyi. Kun dai ji shi a rediyo jiya, ba sai na maimaita duka ba: an yi wa tsofaffinmu aikin yanar ido kyauta, an ce su dawo a duba su, sun ƙi, wai don ba su san darajar lafiya ba.

Dattijon da ya yi shekaru yaro na jan sa da sanda, bai iya zuwa masallaci shi kaɗai, shi ne bai san darajar ido ba? Haba malam. Ba ƙi suka yi ba, kasawa suka yi.

Bayan aiki ana son ganin mutum washegari, a sake ganinsa bayan mako ɗaya ko biyu, sannan wajen mako shida. Ga wanda ke zaune a unguwar Birni ko Zengo a nan cikin Damagaram, kuɗin kabu-kabu ne kawai. Amma ka ɗauki tsohuwar da ta fito daga wani ƙauye bayan Tanut ko Gure, tafiyar fiye da kilomita 100, motar ƙauyensu kuma sai ranar kasuwa. Ba za ta zo ita kaɗai ba da ido a ɗaure, dole da ɗan rakiya, kuɗin mota ya zama na mutum biyu, zuwa da komawa, ga abinci, ga wurin kwana. Zuwan farko akuya aka sayar. Na biyu me za a sayar? Ɗan da zai raka ta yana cin rani a Kano ko Libiya, in damina ce kuma yana gona. Aikin kyauta ne, na yarda, Allah ya saka da alheri. Hanyar fa, ita ma kyauta ce?

Na san masu cewa ai da zarar sun fara gani sai su ɗauka an gama. To wa ya zaunar da su ya faɗa musu ba a gama ba? An cire bandeji, tsohuwa na hawaye tana kallon tafin hannunta, an ɗauki hoto don Facebook, an miƙa mata kwalbar ɗigo da guntuwar takardar randebu da Faransanci, na baya ya matso. Ta ƙulle takardar a bakin zane, har yau ba wanda ya karanta mata. Tun 2025 aka ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma ko da ajami ba a iya rubuta mata ranar dawowa ba.

Masu cewa likitocin ido sun yi kaɗan kuma, na ji. Wannan ma ai dalili ne na daina zagin marar lafiya.

Abin da ke ci mini rai, dawowar nan ba ado ba ce. In ƙwayar cuta ta shiga idon da aka yi wa aiki, cikin ’yan kwanaki yana iya mutuwa. Ɗigon da ake bayarwa don kumburi, a wasu mutane yana ɗaga hawan ido, kuma sai an auna ake ganewa. Wani tabarau kawai yake buƙata, bai samu ba, ya koma gida yana cewa aikin likita ƙarya ne, sai maƙwabcinsa ya fasa zuwa ya nufi mai maganin gargajiya da ke tura yanar ido da allura. Don Allah a tura ma’aikaci ɗaya likitar Magarya, Matamai ko Mirriya ranar kasuwa ya duba su can. A karɓi lambar ɗan rakiya a buga masa. Kasawa suka yi, a rage musu nisa.

Kuma wai a wanke hannu da sabulu kafin a ɗiga magani, sau huɗu a yini. A Damagaram! Unguwarmu famfo ya zama kayan tarihi, mai ga-ruwa sai ka bi shi da lallashi, in rani ya tsananta ko gaisuwarka ba ya amsawa. Wannan maganar ruwan ma sai na ware mata rana guda, don akwai waɗanda za su ji ni.