Abin da ɓerayen Ingila suka faɗa mana game da ranar Kano

Da yawanmu muna da tawadar Allah a jiki, ba mu taɓa damuwa da ita ba. To, a cikin mafi yawan irin waɗannan ɗigo akwai wani kuskure a ƙwayar gado da ake kira BRAF, kuskuren da masana a Ingila suka gano a shekarar 2002 cewa yana cikin fiye da rabin melanoma, wato sankarar da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi. Me ya sa wani zai mutu da tawadarsa lafiya lau bayan ya tsufa, ta wani kuma ta rikiɗe ta zama ajalinsa?

A 2014 Farfesa Richard Marais da abokan aikinsa a Manchester suka nemi amsa a jikin ɓeraye. Sun saka wa ɓerayen wannan kuskure na BRAF, sannan suka riƙa haska wa wasunsu UV, sashen hasken rana da ido ba ya gani amma yake ƙona fata. Waɗanda aka haska sun kamu da melanoma da wuri, ƙarin sankarar da ya fito musu kuma ya fi yawa. Da aka bincika, sai aka ga hasken ya lalata p53 a kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarin. Ita p53 tamkar mai gadi ce: in ƙwaya ta lalace, ita ke tsayar da ita ko ta sa ta mutu. Kuskuren farko ya buɗe ƙofa, rana ta zo ta kashe mai gadin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na man kariya daga rana. An shafa wa wasu ɓerayen mai ƙarfin SPF 50, wato mai kariya sosai. Ya jinkirta cutar, amma bai hana ta ba.

Nan ne na tuna da yaranmu zabiya. Sankarar da ta fi kama su ba melanoma ba ce, wata iri ce daban, amma ita ma ta hanyar ɓarnar da rana ke yi wa p53 take shigowa. A Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40, za ka ga yaro zabiya a layin taron safe, ko yana sharar filin makaranta da rigar yunifom mai gajeren hannu, wuyansa ya yi jajir. Ranar 13 ga Yuni, Ranar Zabiya ta Duniya, a taru a raba man shafawa, a ɗauki hoto. Ba na raina wannan taimako. Amma mai yana ƙarewa, yana da tsada, zufa kuma tana wanke shi. Malafa da riga mai dogon hannu da izinin zama a inuwa ba sa buƙatar kasafin kuɗi, umarni ɗaya daga Ma'aikatar Ilimi ya wadatar. Me ya hana a bayar?

Wani zai ce ɓera ai ba mutum ba ne. Gaskiya ne, har ma ƙwayoyin launinsa galibi a tushen gashi suke, namu kuwa a saman fata. Shi ya sa ɓerayen ba su ce komai ba a kan melanomar da ta fi samun baƙar fata, wadda ke fitowa a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, inda rana ba ta kaiwa. Ita ce ta kashe Bob Marley a 1981, daga ɗan yatsan ƙafa ta fara. A nan sai a ɗauke ta tuntuɓe ne ko faso, a yi ta shafa magani har ta kai matsematsi. Duk wanda ya ga baƙin tabo a tafin ƙafarsa yana faɗi, yana sauya kama ko yana jini, ya kai wa likitan fata a Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala tun kafin kowa ya sa masa aska.